Murabus, Ritaya da Tsufa: Waiwaye a Kan Tarihin Ajiye Aiki a Unguwar Sabo ta Ibadan

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba sauraron labarun rediyo a Nijeriya ya san kalmar 'yan fansho, ya kuma san irin labarin da yakan biyo bayanta, wato bashin watanni da dogon layin tantancewa. Yawan jin wannan ya sa ana ɗaukar batun barin aiki tamkar matsala ce ta ma'aikatan gwamnati su kaɗai. Alhali kuwa mafi yawan Hausawa, jiya da yau, ba su taɓa karɓar albashi ba, saboda haka babu wata takarda da ta yanke musu ranar ajiye aiki. Duk da haka suna tsufa, ƙarfinsu yana ƙarewa, kuma dole kowace al'umma ta san inda za ta ajiye tsofaffinta da abin da za su riƙa yi tsakanin asuba da lisha.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda Hausawan unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wanda fatake ke kira Badun, suka ɗauki barin aiki tun daga kafuwar unguwar a 1916. An zaɓi Sabo ne saboda mutanenta baƙi ne da suka baro gona da gandu da dangi, wato abubuwan da tsoho kan dogara da su a ƙasar Hausa. Sannan kuma sun zauna a tsakiyar birnin da ya zama hedikwatar Jihar Yamma, mai sakatariya a Agodi da jami'a tun 1948, inda rayuwar albashi da fansho ta yi saiwa da wuri. Ta haka ra'ayoyi biyu game da ƙarshen aiki suka yi maƙwabtaka na tsawon shekaru, hanyar mota ce kawai tsakaninsu.

2.0 Abin da Kalmomi ke Nunawa

Kafin a shiga tarihi ya kamata a dubi harshe. Tsohuwar kalmar da Hausa ke da ita ta sauka daga muƙami ita ce murabus, kuma ta sarauta ce. Sarki ko hakimi ko alƙali shi ke yin murabus, kuma ana bambanta shi da wanda aka tuɓe wa rawani, ko da yake sau da yawa bambancin na ladabi ne kurum. Murabus ɗin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi a 1963, bayan binciken Muffett a kan kuɗin En'e ta Kano, misali ne da kowa ya sani. Ba a cewa manomi ya yi murabus, ko maƙeri, ko falke. Game da waɗannan sai dai a ce ƙarfi ya ƙare, ko ya gaji, ko ya sakar wa yara. Akwai kuma sana'o'in da idan mutum ya bari akan ce ya tuba, kamar kiɗa da dambe da karuwanci, kuma wannan kalma da kanta hukunci ce a kan sana'ar.

Ritaya da fansho da garatuti kuwa aro ne daga Ingilishi, sun shigo tare da aikin Bature. Abin lura ga mai nazarin nahawu shi ne yadda ritaya ke karɓar siga biyu: ya yi ritaya, da kuma an yi masa ritaya. Siga ta biyu ta sami gindin zama sosai a 1975, lokacin da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata sama da 10,000 cikin 'yan watanni. Daga nan kalmar ta ɗauki wani ɗaci da har yanzu bai rabu da ita ba. Su kuwa Yarbawa, masu masaukin Sabo, kalmarsu ta ritaya ta samo asali ne daga jingina baya, kamar yadda wanda ya gaji kan jingina da bango. Hausa ba ta ƙirƙiri irin wannan kalma mai daɗi ga zaman hutu ba. Abin da take da shi su ne zaman banza da zaman kashe wando da cima-zaune, kuma babu dattijon da zai so a jingina masa ɗaya daga cikinsu.

3.0 Kafuwar Sabo

Hausawa sun daɗe a Ibadan kafin Sabo. A ƙarni na 19 akwai fatake da ke sauka a gidajen Yarbawa cikin gari, akwai bayi, akwai kuma sojojin Hausa da suka zo tare da Kyaftin Bower, Razdan na farko, a 1893. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Ibadan daga Ikko a 1901, ta kai Kano a 1911, sai baƙin Arewa suka ƙaru ƙwarai. Saboda ƙorafin da sarakunan gari suka yi ta yi a kan baƙin da ba a san asalinsu ba, hukumar mulkin mallaka ta keɓe wa Hausawa fili a kusa da Mokola a 1916, ƙarƙashin Sarkin Hausawa mai amsa umurnin Bale na Ibadan (sarautar da ta koma Olubadan a 1936). Sunan Sabo gajarta Sabon Gari ne. Lokacin da Abner Cohen ya zauna a unguwar yana bincike a 1962 da 1963, mutanenta 4,000 ne da 'yan kai, kuma littafin da ya fitar a 1969 shi ne madogarar yawancin abin da aka sani game da wancan zamani.

4.0 Maigida ba ya Ritaya

Arzikin Sabo ya ginu ne a kan shanu da goro, kuma dukkansu kaya ne marasa jira. Saniyar Arewa ba ta daɗewa a kurmi saboda ƙudan tsando da cutar sammore, dole a sayar da ita cikin 'yan kwanaki. Goro kuma, in ba a riƙa buɗe huhu ana sauya ganye ana tsince mai sankara ba, asara ce. Falken da ya kawo shanu daga Kano ko Zandar bai san mahautan Yarbawa ba, su kuma mahautan ba su da kuɗi a hannu, sai sun yanka sun sayar. Wanda ya haɗa su shi ne maigida. Shi ke saukar da falke, ya ba shi ɗaki da abinci, dillalansa su yi ciniki, malaminsa ya rubuta, yaransa su kula da dabbobi. Mafi muhimmanci, shi ke tsaya wa bashin. Idan mahauci ya gudu ko ya karye, maigida ne zai biya daga aljihunsa, in ba haka ba labari ya kai Arewa, kuma babu falken da zai sake sauka a gidansa. Cohen ya ƙiyasta cewa ana sayar da shanu kusan 75,000 a shekara a kasuwar Ibadan ta wancan lokaci, mafi yawansu bashi, ba tare da sa hannu a takarda ko zuwa kotu ba. Ya kuma nuna cewa masu gida kimanin 30 ne ke riƙe da fiye da rabin gidajen unguwar.

Idan aka lura da wannan tsari za a ga cewa jarin maigida iri biyu ne, gidaje da amana, kuma duka biyun shekaru ne ke tara su. Baƙon da ya sauka a Sabo yana saurayi yakan fara da aikin ƙarfi: dako, ga-ruwa, korar shanu, ɗaurin huhu. In ya yi sa'a wani maigida ya yarda da shi, sai ya zama yaronsa, a ba shi ɗaki, a yi masa aure, wani lokaci ma da 'yar riƙon maigidan. Daga nan sai dillanci, inda ƙafa ke raguwa baki ya ƙaru. Wanda ya kai matsayin maigida kuwa aikinsa zama ne: ya san mahaucin da ya cika alkawari shekara goma da suka wuce da wanda ya saɓa, ya san falken da ubansa ya saba sauka a gidan, ya raba gardama, ya ce a ba wane bashi a hana wane. Wato ke nan tsanin sana'ar da kansa yana rage wa mutum wahala gwargwadon yadda ƙarfinsa ke raguwa, yana kuma ƙara masa daraja a daidai shekarun da ma'aikacin Agodi ke tattara takardunsa. Ɗan shekara sittin a sakatariya ya gama. Ɗan shekara sittin a zango yanzu ne ake jin maganarsa. Karin maganar nan da ke cewa da tsohuwar zuma ake magani, a kasuwar shanu ta Ibadan bayani ne na zahiri a kan yadda bashi ke tafiya.

Wannan ya sa barin aiki a wurin maigida ba rana ɗaya ba ce. Yakan daina zuwa kasuwa kullum, ya tura babban dillalinsa, da yamma a zo zaure a yi masa bayani. Daga baya ya daina riƙe kuɗi, amma baƙi su ci gaba da sauka da sunansa. A ƙasar Hausa ma haka gandu yake, kamar yadda Polly Hill ta nuna a Batagarawa (1972): uba yakan saki fartanya tun kafin ya saki ikon rumbu. Bambancin shi ne gona tana nan ko mai ita ya mutu, amana kuwa ba ta shiga rabon gado. Gidajen maigida za a iya raba su bisa shari'a tsakanin 'ya'ya da mata, amma falke ba dole ba ne ya sauka wurin ɗan da bai taɓa ciniki da shi ba; yana iya bin dillalin da ya saba da shi. Saboda haka maigidan da ya janye gaba ɗaya tun yana raye ya rushe abin da ya gina da hannunsa. A ganina wannan, fiye da kwaɗayi ko son girma da akan zargi tsofaffin 'yan kasuwa da shi, shi ne dalilin da ya sa suke riƙe da linzami har ranar da za a ɗauke su.

Sai dai kada kyan wannan tsari ya rufe mana ido. Mutum 30 ne a cikin dubbai. Mafi yawan mazan Sabo ba su hau tsanin ba: teloli, wanzamai, masu tsire, 'yan dako, masu wankin hula. Wanda jarinsa ƙarfinsa ne ko idonsa, ranar da suka gaza ya shiga uku. Irin waɗannan sukan koma gadi a shagunan gari, ko su kafa ɗan tebur na goro da ashana a ƙofar gida, wanda ribarsa ba ta kai ta ciyar da mutum ba amma tana hana a ce yana zaman banza. Wanda ya haihu ya dogara da 'ya'ya. Wanda bai haihu ba ya dogara da tuwon gidan tsohon maigidansa da zakkar attajirai. Ƙarshen layin shi ne bara, wadda a Sabo take da tsari da shugabanni, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare, da gidajen kwana. Ko a shekarar 2021, lokacin da gwamnatin Jihar Oyo ta kwashe mabarata daga bakin titin da ke gefen Sabo zuwa wani matsuguni a Akinyele, tsofaffi na cikin waɗanda aka kwasa.

Mata kuwa tafiyarsu ta sha bamban. Matar aure a Sabo tana cikin kulle, amma tana sana'ar abinci, yara na kai wa gwagware da baƙi, ribar kuma tana shiga kwanukan da ake jerawa a ɗaki. Cohen ya ambaci kwanukan ƙasar Cakosulobakiya masu launi da matan Sabo ke tarawa a zamaninsa. Wannan jere ajiya ce, ana sayarwa ranar buƙata, ana kuma aurar da 'ya da shi. Idan mace ta manyanta kulle yakan sassauta, ta fita ta zama dillaliya mai shiga gida-gida, ko ungozoma, ko uwar adashi. Ke nan a lokacin da duniyar namiji talaka ke ƙuntata, ta tsohuwa buɗewa take yi.

5.0 Ɗariƙa da Cika Yini

Tambayar da ke damun mai ritaya a ko'ina ita ce abin da zai yi da yininsa. A Sabo amsar ta zo ne ta wata hanya da ba don tsofaffi aka buɗe ta ba. A farkon shekarun 1950 mulkin En'e ya fara ja da baya a Jihar Yamma, jam'iyyun siyasa suka shigo, ikon da hukuma ta bai wa Sarkin Hausawa ya raunana. A daidai wannan lokaci, tsakanin 1951 da 1952, mafi yawan mazan unguwar suka karɓi ɗariƙar Tijjaniyya ta hannun almajiran Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha, kuma a 1952 suka daina zuwa babban masallacin gari suka tsai da Juma'arsu a Sabo. Cohen ya fassara wannan da cewa hanya ce ta kare kasuwanci da keɓantuwar unguwa bayan hukuma ta janye hannunta. Fassarar tana da ƙarfi, ko da yake malaman unguwar ba za su yarda a mayar da ibadarsu dabarar ciniki ba, kuma suna da hujja.

Abin da ya shafe mu a nan shi ne yadda ɗariƙa ta yanka yini gunduwa-gunduwa. Bayan salloli biyar cikin jam'i, akwai lazimi safe da yamma, istigfari 100 da salati 100 da hailala 100. Akwai wazifa sau ɗaya a rana cikin jama'a, a zagaye farin ƙyalle. Ranar Juma'a bayan la'asar akwai zikiri har faɗuwar rana. Saurayi mai neman abinci yana yin waɗannan a gurguje. Dattijon da ya rage zuwa kasuwa shi ne mai lokacinsu, shi ke fara zuwa, shi ke sahun gaba, shi ake tambaya in an rasa wani. Tsakanin salla da salla kuma akwai karatu a zauren malami. Mutumin da ya bar makarantar allo yana yaro ya shiga fatauci yakan dawo wa littafi da furfura, ya ɗauko daga Ahalari da Ishmawi zuwa Iziyya da Risala, ba tare da kunya ba, tunda an ce gemu ba ya hana ilimi. A nan ne Hausa ta sami lafazin da ya maye gurbin hutu: ba a cewa wane ya daina aiki, sai a ce ya koma ga Allah, ko ya kama masallaci. Mai wannan hali ba a kiransa cima-zaune ko da 'ya'yansa ne ke ciyar da shi.

Shi kansa Sarki Sanusi da aka ambata, bayan murabus ya zauna a Azare, daga baya Wudil, a matsayin halifan Tijjaniyya har rasuwarsa a 1991. Ga mabiya ɗariƙar, har da na Sabo, wannan babban misali ne na yadda ake sauka daga mulki a hau wani abin da suke ganin ya fi shi.

Hajji shi ne hatimin wannan mataki. A da tafiya ce ta ƙasa ta Chadi da Sudan mai cin shekaru, kuma tsofaffi da yawa sun tafi ne da niyyar kada su dawo. Da jirgin sama ya sauƙaƙa ta a shekarun 1950, kuma gwamnatin Jihar Yamma ta kafa hukumar jin daɗin alhazai a 1958, sai alhazai suka yawaita a Sabo. Amma abin sha'awa shi ne laƙabin Alhaji bai zama alamar barin kasuwa ba. Ƙara wa mutum amana ya yi a idon fatake, ya dawo daga Makka cinikinsa ya ƙaru.

6.0 Zuwan Fansho

Fansho baƙon abu ne ko a Turai. Jamus ta fara shi ga ma'aikata a 1889 zamanin Bismarck, Ingila ta bi a 1908, kuma duka biyun sai mutum ya kai shekara 70. A Nijeriya dokar fansho ta 1951, wadda aka mayar da aikinta baya zuwa Janairun 1946, ita ce ginshiƙi ga ma'aikatan gwamnati. An kafa asusun ajiya na ma'aikatan kamfanoni a 1961, sannan Doka ta 102 ta 1979 ta tattara dokokin fanshon gwamnati wuri guda. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce shekara 60 da haihuwa ko 35 ana aiki, duk wadda ta riga zuwa.

Da farko wannan bai shafi Sabo ba sai kaɗan. Mutanen unguwar sun guji makarantar boko, suna kuma ganin aikin albashi bauta ce ga wani. Mutum ya fi son ya ce yana cin gashin kansa ko da abin da yake samu bai kai na masinja ba. Hausawan da suka fara sanin kuɗin sallama su ne tsofaffin sojoji, musamman waɗanda suka dawo daga yaƙin Bama bayan 1945, da 'yan sanda da leburorin reluwe. Sai a zuriya ta biyu da ta uku, waɗanda aka haifa a Ibadan suka tashi da Hausa da Yarbanci suka kuma yi boko, aka sami malaman makaranta da ma'aikatan ofis 'yan Sabo masu jiran ranar ritaya.

Matsayin irin wannan mutum a unguwa yana da wuyar sha'ani. Ya bar aiki da sauran ƙarfinsa, a shekarun da sa'o'insa 'yan kasuwa ke kan ganiyarsu. Girman da yake da shi na kujera ne, ya bar shi a ofis. Garatutin da ya karɓa dunƙule yakan tafi a gyaran gida ko kujerar Makka ko aurar da 'ya'ya, in kuma ya zuba shi a kasuwar da bai koya yana yaro ba, sau da yawa 'yan kasuwar ne ke cin gajiyarsa. Abin da yakan cece shi shi ne alƙalaminsa: ya zama sakataren kwamitin masallaci ko na makarantar Islamiyya, mai rubuta wa unguwa takarda zuwa ƙaramar hukuma, mai raka Sarkin Hausawa wurin jami'an gwamnati. Wato sai ya nemi wani aikin kafin unguwa ta san inda za ta zaunar da shi.

Tarihin kuɗin Nijeriya kuma ya ƙara tabbatar wa 'yan kasuwar Sabo ra'ayinsu. Daga Satumbar 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta saki darajar naira ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki, fanshon da aka yanke da tsohon lissafi ya riƙa narkewa a hannun masu shi, ga kuma jinkirin biya. Wannan faɗuwar darajar naira ita ce kuma ta raya sana'ar canji, wadda aka fara ba wa lasisi a 1989, har Sabo ta zama inda duk mai neman dala ko fam a Ibadan ke dosa. Abu guda ya talauta ɗan fansho ya kuma azurta maƙwabcinsa. Dokar 2004 ta sauya tsarin zuwa asusun da ma'aikaci da mai aiki ke zuba wa kuɗi kowane wata, dokar 2014 ta ɗaga kason zuwa kashi 8 da kashi 10 cikin ɗari. Masu sana'ar kansu, wato yawancin mutanen Sabo, ba a buɗe musu ƙofa ba sai a Maris 2019 da aka ƙaddamar da ƙaramin tsarin fansho, kuma asusun da babu kuɗin ruwa a cikinsa, wanda shi ne zai kwanta wa mai wazifa a rai, sai a 2021 ya samu.

7.0 Gida Ina ne?

Falke yakan ce in ya tsufa zai koma gida, kuma wasu sun koma, sun gina gida a Kano ko Katsina ko Sakkwato, sun sayi gona. Amma maigida ba ya iya ɗaukar zaurensa ya kai Arewa, domin amfaninsa a Ibadan yake. Wanda ya yi shekara arba'in a kurmi, in ya koma yakan tarar sa'o'insa sun mutu, gonar gado an raba, 'ya'yan 'yan'uwa ba su san shi ba sai da suna. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Wanda aka haifa a Sabo kuwa garin da ake kira nasu labari ne a bakin kaka. Sai dai kuma takardar shaidar asalin jiha da rikice-rikice irin na Shagamu a 1999 da na kasuwar Shasha a Fabrairun 2021 sukan tuna masa cewa a idon wasu har yanzu baƙo ne. Shi ya sa attajirin Sabo yakan yi gida biyu, ɗaya a nan ɗaya a Arewa, ya kuma ƙare kwanakinsa a na nan.

Tsanin da aka bayyana a sama ma ya sauya. Kasuwar shanu ta bar kusa da unguwar ta koma Bodija, daga baya Akinyele. Tirela ta maye gurbin jirgin ƙasa da korar ƙafa, saboda haka falke ba ya buƙatar masauki na makonni. Wayar hannu da tura kuɗi ta banki sun sa mai shanu a Arewa yana iya magana da mai saye kai tsaye, ilimin da tsoho ya tara a ka game da masu cika alkawari ya rage tsada. Canji ne ya riƙe wani abu na tsohon tsari, domin shi ma a kan amana yake tafiya, yaro yana tsaye a bakin titi yana tare masu mota, maigida yana zaune a ciki. Amma a Yulin 2021 Babban Bankin Nijeriya ya daina sayar wa 'yan canji dala, a Maris 2024 ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173, sannan a Mayun shekarar ya ɗaga jarin da ake buƙata zuwa naira biliyan 2 ga masu babban lasisi da miliyan 500 ga masu ƙarami. Yaron da ke tsaye a titin Sabo yau, wanda kakansa ya fara da korar shanu ya ƙare da zaure, ba zai tara irin wannan kuɗi daga la'ada ba, kuma ba shi da lambar asusun fansho.